Sharhi Kan Man Kiwi na Gwangwani a Takalmin Fata da Ya Kurje

Duk mai sa takalmi sau-ciki a Gusau ya san cewa hunturu ba ya raga wa fata, domin ƙura tana shiga kowane lungu na ɗinki, iska kuma tana busar da ita har ta fara tsagewa a wurin da yatsu suke lanƙwasawa. Wannan ne ya sa na koma amfani da man Kiwi na gwangwani, wanda aka fara yi a birnin Melbourne na Ostireliya a 1906, kuma har yau shi ne ake yawan gani a akwatin 'yan shushaina.

A kan kurjewar sama, irin wadda fedar babur ko bakin matakala ke jawowa a hancin takalmi, man ya gamsar da ni ƙwarai. Kakin da ke cikinsa yana cike ƙananan ƙwarzane, launinsa kuma yana rufe farin da ya bayyana, amma da sharaɗin a fara kakkaɓe ƙura da burushi, a goge da tsumma mai ɗan danshi, a bari ya sha iska a inuwa. Wanda ya shafa mai a kan ƙura, laka kawai ya kwaɓa. Shafi kaɗan-kaɗan sau biyu, da ɗan jira a tsakani kafin a bi da burushi mai laushi, ya fi lafta shi da yawa lokaci guda, kuma ƙyallin yana jure yini guda na zirga-zirga tsakanin ofis da kasuwa. Man ruwa mai soso a baki, wanda na gwada a baya, ya fi sauri, sai dai yana bushewa ya yi ɓawo.

Inda fata ta yanke da zurfi kuwa, babu man gogewa da zai mayar da ita, wannan aikin baduku ne, shi zai lailaye wurin ya sake rina shi. Haka nan kaki ba ya tausasa busasshiyar fata, don haka nakan shafa ɗan man kaɗe da dare kafin gogewar safe, ko da yake yana ƙara duhun takalmi mai ruwan ƙasa. A riƙa rufe gwangwanin sosai, domin zafin watan Afrilu yana busar da man har ya farfashe.