Kai Ɗalibai Masar Lokacin Hutu: Hanyoyi Uku da Wadda Na Fi Amincewa da Ita

Na yi shekara biyar ina karatu a Alƙahira, na dawo gida a 2009, kuma tun daga lokacin nake koyar da Larabci a wata makarantar sakandare a nan Abuja. Wannan ya sa duk makarantar da ta fara tunanin kai ɗalibanta Masar, sai a turo mini shugabanta a ce ga wanda ya san ƙasar. Sau uku na jagoranci irin wannan tafiya, kuma ta farkon ta kusa zubar mini da mutunci a idon iyayen yara, saboda na dogara da wannan sanin da ake yaba mini. Wanda ya taɓa zama a wata ƙasa yakan koma mata da hoton da ya bari a kansa, alhali ita ba ta tsaya jiransa ba.

Lokacin da na baro Alƙahira dalar Amurka ɗaya ba ta kai fam shida na Masar ba, amma bayan da aka saki darajar kuɗin a watan Maris na 2024 sai ta koma wajen fam hamsin. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da muke shiga da fam ɗaya ya daina wannan farashi tun 2017. Gawarwakin fir'aunonin da na yi wa ɗalibaina alkawarin za su gani a tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, an kwashe ashirin da biyu daga cikinsu a watan Afrilu na 2021, har da ta Ramsis na Biyu, an kai su sabon gidan tarihi da ke Fusɗaɗ. Baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda aka fara a 1969 kuma muke zuwa da ƙafa daga unguwar Madinatu Nasr, ya koma Sabuwar Alƙahira tun 2019. Wuraren tarihi da dama yanzu da katin banki ake sayen tikitinsu, ba su karɓar tsabar kuɗi. Duk wanda zai tsara tafiyar yara ashirin bisa abin da ya sani shekara goma sha biyar da suka wuce, lissafinsa zai rushe tun ranar farko, don haka tambayar da ke gabansa ita ce wa zai damƙa wa shirin.

Hanya ta farko ita ce sayen shiri dunƙule daga kamfanin tafiye-tafiye, wanda zai haɗa tikiti da biza da otal da motar yawo a farashi ɗaya. Tana da sauƙi ga mai makaranta, amma yawon buɗe ido ne aka sa masa rigar karatu: kwana bakwai ana ɗaukar hoto, jagoran yana magana da Ingilishi, yaro ya dawo bai furta jumlar Larabci ɗaya ba. Hanya ta biyu ita ce a ɗora wa wani tsohon aboki ko ɗalibin gida da ke karatu a can nauyin nemo masauki da mota. Ita ce mafi araha, kuma ita ce mai raba zumunci, domin ranar da ruwa ya ɗauke a gidan babu takardar da za ka riƙe shi da ita, kunya kuma ba za ta bar ka ka yi masa faɗa ba.

Wadda na fi amincewa da ita ita ce ta uku: makaranta ta ƙulla yarjejeniya kai tsaye da cibiyar koyar da Larabci ga baƙi, wadda a can ake kira markaz, sa'an nan ta sayi tikitinta da kanta. Irin waɗannan cibiyoyi suna da yawa a Madinatu Nasr, unguwar da ɗaliban ƙasashen waje suka fi zama, kuma tsarin nagari daga cikinsu kusan ɗaya ne. Ranar farko a yi wa yara jarrabawar tantance mataki, a raba su aji-aji, a riƙa karatu da safe na sa'a uku ko huɗu da malamin da ba ya barin kowane harshe ya shiga aji sai Larabcin littafi. Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, sai a fita. Wannan tsari yana warware matsalar da ke ba kowane ɗalibinmu mamaki, wato bambancin Larabcin da muka koya masa da wanda ake yi a titi. Bamisire yana furta harafin jimun kamar "g", yana haɗiye ƙafun ya mayar da shi hamza, kuma na ga yarinyar da ta fi kowa nahawu a ajina ta yi tsaye a gaban mai sayar da koshari, wani abincin Masarawa na shinkafa da taliya, ta kasa gane farashin da ya faɗa mata. Da yake akwai malamin da za ta koma wa washegari ta tambaya, kafin mako biyu ita ce take yi mana ciniki.

Fa'ida ta biyu ita ce lokaci. Tafiyar mako uku a gidan haya tana ba da damar a ga gari a tsanake. Juma'a guda a yi ta a masallacin Azhar, wanda aka fara gininsa a shekarar 970, a fito a ratsa kasuwar Khan Khalili, a leƙa shagunan littattafai da ke bayan masallacin, inda na fi so in saki yara da ɗan kuɗi a hannu in ga abin da kowa zai zaɓa. Wata rana a je masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, masallacin farko da aka gina a Masar, wata ranar kuma ganuwar Salahuddin da ke kan tudu. Dalar Giza a ware mata safiya guda, a isa tun kafin rana ta ɗaga. Iskandariyya da ɗakin karatunta da aka buɗe a 2002 tafiyar yini ɗaya ce a jirgin ƙasa ko mota. Hutun mako a can Juma'a da Asabar ne, don haka dogayen fita a sa su a waɗannan ranaku, kada su ci lokacin aji.

Wahalar wannan hanya ita ce aikin yana kan malami. Shi zai bi takardun biza, shi zai tsara abinci, shi zai san inda kantin magani yake. Idan akwai 'yan mata a cikin tafiyar, dole a tafi da malama, a kuma rubuta a yarjejeniya cewa gidansu daban. Ina shawartar a nemi wakilin cibiyar ya zagaya da kai gidan ta kiran bidiyo, ya buɗe famfo ka ga ruwa, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki ka ji ƙararta, ya faɗa maka hawa na nawa ne kuma ko lif yana aiki. Dogon hutunmu yana faɗawa ne a watan Agusta, tsakiyar zafin Alƙahira, kuma yaron da ya kwana a hawa na bakwai babu sanyi ba zai fahimci komai a aji ba. Wanda zai iya tafiya a hutun Disamba ya fi morewa, sai dai a sa yara su ɗauki rigunan sanyi masu kauri.

Game da tikiti kuwa, a nan ne maciji ya sare ni, shi ya sa ko tsumma na gani nake ja da baya. A tafiyarmu ta farko wani mahaifi ya haɗa mu da wani ejan da ke da ɗan ofis a Wuse, mutum mai fara'a da yawan ambaton Allah, wanda ya rage mana kuɗi sosai a kan abin da muka ji a wasu wurare. Muka biya duka. Ya kawo mana takardu goma sha shida a cikin ambulan, kowace da sunan ɗalibi da ranar tashi da lambar ajiye kujera mai harafi shida. Na shiga intanet na duba lambar, sunayen suka fito, hankalina ya kwanta. Ranar tafiya muka yi layi a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, yara sanye da fararen kaya, iyaye suna tsaye a waje suna ɗaga hannu. Ma'aikaciyar ta daɗe tana danna kwamfuta, sa'an nan ta ɗago ta ce kujerun an ajiye su ne kawai, ba a biya ba, kuma wa'adinsu ya wuce an soke su. Na kira ejan, wayarsa a kashe. Da muka fito da akwatuna, wani dattijo daga cikin iyayen ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, ina ce kai ne ka san hanya?" Ban sami abin cewa ba. Mai makarantar ne ya biya daga aljihunsa muka tashi bayan kwana huɗu, kuɗinmu kuwa sai da manya suka shiga tsakani kafin wani ɓangare ya dawo.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne lambar ajiye kujera daban, tikiti daban. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma goma sha uku, kuma ukun farko na kamfanin jirgin ne: na EgyptAir, wanda ke tashi daga Abuja zuwa Alƙahira kai tsaye cikin kimanin sa'a biyar, yana farawa da 077, na Ethiopian Airlines, mai bi ta Addis Ababa, yana farawa da 071. Kowane ɗalibi da tasa lambar. Kada ka yarda da takardar da ba ta da ita, kuma ko da tana da ita, ka ɗauki jerin ka je ofishin kamfanin jirgin da ƙafarka a tabbatar maka, ka sake komawa saura kwana uku a tashi, domin ejan na iya soke tikitin da ya fitar ya karɓe kuɗin. Idan dole sai ta hannun ejan, a tambayi rajistarsa da IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, da NANTA, ƙungiyar ejan-ejan na tafiye-tafiye ta Najeriya, a biya ta asusun kamfani, a karɓi rasit. Wanda ya ce a tura kuɗi asusun ƙaninsa saboda na kamfani ya sami matsala, a yi masa sallama.

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin shiga Masar, kuma sharuɗɗanta suna sauyawa, don haka a je ofishin jakadancin Masar da ke Abuja a ji da kunne. Akwai masu cewa suna da mutum a ciki, a ba su fasfo da ƙarin kuɗi su fito da biza cikin kwana biyu. Fasfon yara goma sha shida a jakar mutumin da ba ka san gidansa ba, shi ne zai riƙa yanka maka farashi kai kuma kana biya. A tabbatar kowane fasfo yana da sauran aƙalla wata shida, kowane yaro yana da katin rigakafin zazzaɓin shawara na gaskiya wanda aka yi masa allurar, tare da wasiƙar amincewar iyaye ga wanda bai kai shekara goma sha takwas ba. Katin da ake sayarwa a bakin filin jirgi ba tare da allura ba, ganganci ne da ran ɗan wani.

Ita ma cibiyar da nake yabo tana da jabunta. Mutum zai kama ɗaki biyu, ya buɗe shafi a Facebook, ya ɗora hotunan wani wurin, ya kira kansa markaz. Alamarsa ta farko ita ce alkawarin shahadar Azhar bayan kwas na mako uku, abin da ke jan iyaye ƙwarai, alhali takardar halarta ce ta cibiyarsa kawai. Alama ta biyu ita ce neman kuɗi duka tun kana Abuja. Abin da nake yi shi ne in ba da kashi ɗaya cikin uku a matsayin kafin alƙalami, sauran sai na shiga gidan na kwana ɗaya, kuma kafin nan in nemi lambar wata makarantar da ta taɓa kai musu ɗalibai in yi magana da malamin da ya jagorance su. Wanda ya kasa ba ka ko makaranta ɗaya, bai taɓa karɓar kowa ba.

A wajen dalar Giza kuma a ja wa yara kunne tun a mota. Mai raƙumi zai ce hawa kyauta ne, sai yaro yana sama ya ce sauka da kuɗi. Wani zai ɗora maka rawani a ka ya ce tsaraba ce, ka yi taku uku ya biyo ka. Takardar bardi, irin wadda Masarawan dā suke rubutu a kai, mai zanen fir'aunoni da ake tallatawa a bakin hanya da araha, yawancinta da ganyen ayaba aka yi, tana karyewa idan aka lanƙwasa ta. Tikitin shiga a saye shi a tagar hukuma kaɗai, a kuma tafi da katin shaidar ɗalibta, domin akwai rangwame ga ɗalibai, ko da yake wasu tagogin katin ɗalibai na ƙasa da ƙasa suke nema. Kuɗin kashewa na yara a canza shi dala tun a Wuse Zone 4, malami ya riƙe a hannunsa da littafin da kowa zai sa hannu, ya riƙa canzawa a banki ko shagon canji mai lasisi a can, yana ba su kaɗan-kaɗan kowace safiya.