Mai zanen da ya yi min tambarin yaji: hannu akwai, amma ku kula da yaran shagonsa

Ba zan kama sunansa ba, amma duk wanda ya taɓa neman tambari ko allon shago na kirki a Kano zai gane wanda nake nufi. Dattijon nan mai furfura a gemu da fenti a farce, wanda ƙasan shagonsa kwamfutoci ne da injin buga fleks, sama kuma ɗakin da yake zane da hannu. Kuɗinsa kun san shi, ya ninka na samarin da ke zama da kwamfuta a bakin titi, kuma ba ya ragi ko da kun haɗa dangi. Ni dai na biya, rabi kafin alƙalami, ciko ranar karɓa, domin yajin da nake yi ya wuce zaman ƙullin leda. Ina so ya shiga roba da sitika, ya hau kanta a manyan shaguna, in kai shi rajista NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da fuskar da ba zan ji kunya ba.

Ranar farko ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ko kallon kwamfuta bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, miƙo yajin tukuna." Ya buɗe ya shinshina, ya lakata ya ɗanɗana, ya tambayi ko akwai daddawa, ya yawan citta da masoro, su wa ke saye, masu jego ne ko masu tsire. Sannan ya ɗauki fensir ya zana turmi da taɓarya a tsakiyar dagi, barkono biyu suna leƙowa ta baki. Har wata 'yar tsaga ya yi wa bakin turmin, ya ce turmin da bai tsage ba bai yi aiki ba. Wannan tsagar ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Daga nan ya hau da mu bene, ni da ƙanena, kuma in dai an taɓo zane to bakinsa ya buɗe ke nan. Yana yaro ya fara a gareji, yana wanke wa maigidansa buroshi ana zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci masu bodin katako. Daga nan allunan masu aski da masu gyaran rediyo. A shekarun 1990, da littattafan Hausa suka cika kasuwa, ya yi ta zana bangonsu da hannu, sai fostocin fina-finai zamanin kaset. Da girmansa ya shiga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma in yana maganar Zariya sai ka ce garinsu ne. Shi ya ba mu labarin yadda tun 1958, kafin ma makarantar ta zama jami'a a 1962, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suka ce ba kwaikwayon Turawa kaɗai suka zo yi ba, za su haɗa abin da aka koya musu da zanen gargajiyar garuruwansu. Ya ce ya riski Gani Odutokun, malamin zane a jami'ar, kafin haɗarin mota ya ɗauke shi a 1995, ya ga yadda yake tsinka fenti ya bar shi ya kwarara a kan yadi. Grillo kuwa, da ya rasu a 2021, hotonsa na jarida yana liƙe a bango, saboda shuɗin nan nasa da Malam ya ce har yau bai gama koyonsa ba.

Akwai wani zane a kusurwa na marinar Ƙofar Mata da na daɗe a gabansa. Mutum ya durƙusa a bakin rami yana tsamo yadi, hannunsa ya rine har gwiwa, fentin kuma da wuƙa aka shafa shi, ya yi kauri har kana ganin sawun wuƙar. Fuskar mutumin babu ido babu hanci, inuwa ce kawai. Na tambayi dalili, ya yi dariya ya ce a Kano wa zai rataye fuskar mutum a falo? Ayatul Kursiyyu ake so da ruwan zinare, ko hoton Ka'aba. Irin waɗannan sai baƙi, ko otal, ko wani ofishi a Abuja. "Bene daga ƙasa yake ci, Hajiya," in ji shi. Wato fleks da katin biki da fostar 'yan siyasa su ke sayen fentin mai.

To, ƙasan nan ita ce ta cuce ni.

Jinkirin farko ban riƙe shi da zafi ba. Aikina ya faɗo daidai kakar zaɓen 2023, injin ba ya hutawa dare da rana, fuskokin 'yan takara sun cika shagon har bakin ƙofa, ga wahalar takardun kuɗi da kowa ya sha a lokacin. Sai bayan zaɓen gwamna na watan Maris na karɓi kayana. Da na buɗe kwalin sitika kuwa na manta da komai. Jan ya fita ja sosai, ba irin wanda ke komawa ruwan goro ba, rubutun ana karanta shi daga nesa, gam ɗin yana kama roba ko da hannu da maiƙo. Na buga da yawa, don in an buga da yawa ya fi sauƙi. Na yi ta tura masa mutane.

A ƙarshen shekara na kama rumfa a baje kolin Kano da ake yi a titin gidan Zoo. Ina tsaye ina ba da canji sai wata tsohuwar kwastomata ta ce, "Hajiya, ashe bana rumfa biyu kuka kama? Na ga kun fara garin kunu." Na ce wane garin kunu? Ta ce ga shi can layin baya, da turminku da komai. Na bar ƙanena da kaya na bi ta. Wallahi tun daga nesa gabana ya faɗi. Turmina ne. Dagin nan ne, taɓaryar ta karkata yadda tawa ta karkata, jan nan ne sak. Barkonon kawai aka cire aka sa zangarniyar gero. Na ɗauki roba ɗaya na kawo kusa da ido, sai ga tsagar nan a bakin turmi, a gefen hagu, inda Malam ya yi ta da fensir a gabana.

Ban san lokacin da murya ta ta tashi ba. 'Yar mai rumfar, wata budurwa mai baki, ta ce ai mu ne muka sata, su da kuɗinsu suka biya. Mutane suka fara taruwa, wani yana ɗaga waya zai ɗauka. Allah Ya sa uwar mai hankali ce. Ta ja ni bayan rumfa, ta ba ni kujera, ta lalubo rasit a jakarta. Shago ɗaya ne. Ita ba ta taɓa ganin Malam ba ma, wani yaro ne a ƙasa ya ce ta dawo da yamma, ta dawo ta tarar an gama, kuɗin da ta biya kuwa ko kusa da nawa bai kai ba. Baiwar Allah ba ta da laifin komai, amma ni a ranar ko ruwa ban iya sha ba. Abin da ya fi ƙona min rai, wasu da suka sayi garin kununta sun ɗauka nawa ne. Da ya yi daɗi da bai yi ba, sunana ne a bakinsu.

Washegari da sassafe ina shagon da robobi biyu a hannu. Yaron da ya yi aikin yana zaune yana cin waina, ya kalli robobin ya ce, "Ai Hajiya turmi turmi ne, kowa ma yana da shi a gida." Da ba don ƙanena ya riƙe min mayafi ba, ban san abin da zan faɗa masa ba. Hayaniyar ce ta sauko da Malam. Ya karɓi robobin, ya jera su a kan tebur, ya sa tabarau, ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya sa aka buɗe kwamfutar, aka shiga manhajar zane ta CorelDRAW, sai ga fayil ɗina an kwafe shi an sauya masa suna. Ashe haka yaran suke yi in ƙaramin aiki ya zo kuma maigida yana sama: su buɗe ayyukan da aka gama, su canza kala ko su cire wani abu, su karɓi kuɗi.

A nan kam ya nuna dattako. Bai yi min rantse-rantse ba, bai ɗora wa yaron a gabana ba. Ya ce, "Hajiya, shagona ne, ni na ci amanarki. Ki ba ni lokaci." Ya sake zana sabon tambari bai karɓi ko sisi ba, wannan karon hannun mace ne riƙe da taɓarya, da munduwa, da lalle a yatsu, kuma na fi son sa a kan na farko. Bai tsaya nan ba. Ya zo da kansa har ƙofar shagona da gwangwanayen fenti a bayan babur, ya hau tsani, ya rubuta allon da hannu a kan faranti na ƙarfe. Na tsaya ina kallo. Ya ja layi da zare da alli, ya ɗora hannun dama a kan wata 'yar sanda don kada ya girgiza, ya ja kowane harafi da shafa ɗaya ba ya komawa. Yaran unguwa suka cika wurin. Fleks ɗin maƙwabcina rana ta riga ta cinye shi ya koma fari-fari, nawa allon har damina ta wuce a kansa yana nan da ƙyallinsa.

Da a ranar na rubuta wannan, da cewa zan yi kowa ya je, mutumin kirki ne, kuskure ne aka yi aka gyara. Amma duk sanda na shiga ɗakin ajiya na ga kwalin tsohuwar sitika sai abin ya dawo min sabo. Wa zai biya wannan? Na tayar masa da maganar, ya ce zai buga min sabuwa in biya kuɗin takarda da tawada kawai. To ai takarda da tawadar su ne kuɗin! Zanen kyauta na gode, amma asarar a aljihuna ta kwana. Ga robobin da na riga na liƙa wa, sai da muka zauna da yara muna ɓarewa da ruwan zafi, gam ɗin da na yaba ɗazu ya zame mana azaba. Ga kwastomomin da suka saba da turmi a dagi, suka riƙa wuce sabuwar robar a kanta suna cewa yajin Hajiya ya ƙare. Ga maganar rajista da na dakatar saboda sitika ta canza. Ita kuwa mai garin kunu tana nan da turmina, tsaga da komai, ni da na biya kuɗin asali ni ce na kauce.

Kuma yaron nan yana nan a kujerarsa. An ce ɗan 'yar'uwarsa ne. Ban ce a kore shi ba, amma ko haƙuri bai ba ni ba har yau, in na shiga sai ya duƙar da kai a waya.

Saboda haka in za ku je, ku hau bene, ku zauna da shi kansa, kada ku yarda a ce muku "Malam yana aiki, kawo mu yi miki." In allo ne na hannu ko zanen ratayewa, ban san wanda ya kama ƙafarsa a garin nan ba, kuma ko gobe zan kai masa. In tambari ne, ku sa a rubuta a rasit cewa naku ne ku kaɗai, kuma ku karɓi fayil ɗin a filashi kafin ku ba da ciko. Nawa na sabon tambarin har yanzu yana cikin kwamfutar nan da yaran ke taɓawa. Kullum sai a ce wanda ya san inda yake ya fita sallah, ko babu wuta. Ranar Asabar ƙanena zai sake komawa, na ce masa kada ya taso sai da shi.