Canjin boris na rigakafi a EOD: na baya ya yi kyau, na gaba ya ci mini kuɗi sau biyu

Duk mai Honda EOD, wato Accord ƙirar 2003 zuwa 2007, da ke bin hanyar Jos zuwa Abuja ya san fargabar ƙafar gaba. Mota ce mai daɗin tuƙi, amma labarin boljoyin ɗinta, gaɓar da ke riƙe ƙafar taya, ba ɓoyayye ba ne, kuma ba wanda yake so taya ta fice masa a gangaren Hawan Kibo da tirela a bayansa. Tawa ƙirar 2005 ce, 'yar Amurka, agogonta ya haura mil 190,000, wato sama da kilomita 300,000, in ma ba a taɓa agogon ba kafin ta shigo ƙasar nan.

Boljoyin kawai na je canzawa a wani gareji a Farin Gada. Mai garejin ne ya kawo zancen boris, zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa. "Alhaji, tunda dole mu sauke nokul, a canza boris gaba ɗaya mana. Motar ta yi tafiya, rigakafi ya fi magani." Maganarsa tana da kai, don a wannan motar boljoyin na ƙasa da boris na gaba a jikin ƙarfe ɗaya suke zaune, wato nokul ɗin, kwancewa ɗaya ta wadatar. Amma a lura, a lokacin motar ba ta gurnani ko kaɗan. An ɗaga ta a jak, an kama taya sama da ƙasa an girgiza, babu wasa. An juya ta da hannu, shiru.

Abin da ya yi daidai zan faɗa. Kayan da ya raka ni muka sayo a Dilimi masu kyau ne, bai tura ni wurin ɗan'uwansa don ya ci riba a kaina ba, har shi ne ya ture wani kwali da ya ce rubutunsa bai kwanta masa ba. Boris na baya kuma aiki ne mai sauƙi, tunda da hob ɗinsa, ƙarfen da ake ɗaure taya a jiki, yake zuwa a haɗe, a zare tsoho a zura sabo. Yaronsa ya gama su kafin Azahar, har yau ban ji komai daga can ba. Da a nan aka tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

Na gaba ne matsalar. Shi ba zura shi ake yi ba, da injin matsi ake danna shi cikin nokul, a hankali, ƙarfin yana sauka a kan zoben waje kaɗai. Sannan in za a shigar da hob a tokare zoben ciki. Garejin nan ba su da injin. Na ga an ɗauko guduma da guntun bututu, na ce, "Oga, ba za a kai wurin masu injin ba?" Ya yi dariya. "Haba Alhaji, tun kafin a ƙera motar nan muke wannan aikin. Je ka sha inuwa." Ina zaune a benci ina jin kowane bugu har cikin haƙorina.

Ban kai Gada Biyu ba fitilar ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, ta kama. Motar da tun da na saye ta fitilar nan ba ta taɓa tsayawa a kunne ba. Na juyo. Ya ce datti ne a kan sensa, aka goge, fitila na nan. Ya ce to sensar ce ta mutu, in kawo kuɗin wata. Da na ce lafiyarta ƙalau da safen nan, sai ya faɗi maganar da har yanzu in na tuna raina ke ɓaci: "Alhaji, ai birki yana kamawa. In fitilar ce ta dame ka a cire ƙwan." Gaskiya ne birki yana kamawa, amma muddin fitilar na kunne ABS ba ya aiki, ga damina, ga kwalta mai santsi daga Riyom har ka sauka dutse. Mutumin da ya sayar mini da rigakafi da safe, da yamma shi ne yake cewa a rufe wa mota baki.

Wani mai gyara da kwamfuta ne ya gano abin cikin ɗan lokaci. Ya jona na'urarsa, ta nuna tayar gaba ta hagu ba ta aiko da gudunta. Boris na gaba a Accord na 2003 zuwa 2007 yana da maganaɗisu a cikin murfin gefe ɗaya, shi sensar ABS take karantawa, kuma dole wannan gefen ya kalli ciki. An juya shi ya kalli waje. Ya nuna mini da wani sabo da ke kan teburinsa: ka kawo ɗan siririn ƙarfe kusa, gefe ɗaya ya riƙe shi, ɗayan ya sake. Gwajin da yaro ɗan koyo zai iya. Kuma ba a cirewa a juya, don duk lokacin da aka fitar da hob sai ya yage zoben ciki ya fito da shi, boris ya tashi aiki. Sabo fil, ko Bukur bai je ba, sai kwandon shara. Na koma Dilimi na sake biya.

Har a nan ina cewa kuskure ne, ɗan Adam ajizi, tunda na dama ya sa shi daidai. Ba a yi nisa ba na daman ya fara kuka. In ka haura kilomita 60 a awa sai ka ji wani gurnani ƙasa-ƙasa, yana ƙaruwa da gudu, in ka karkata sitiyari hagu nauyi ya koma dama sai ya ƙara ƙarfi, in ka karkata dama ya lafa. Na fara zargin taya, aka musanya ta gaba da ta baya, kukan bai bi taya ba. Gudumar nan ce. Kowane bugu yana sa ƙwallayen ciki su yi ɗan tabo a kan hanyar da suke bi, ido ba ya gani a ranar, sai an yi tafiya ya bayyana. Da aka kwance a wurin masu injin sai ga wani abin kuma: babban notin tsakiya tsohon aka mayar, bakinsa da ake lanƙwasawa don kada ya warware duk ya tsage, an ɗaure shi da dogon bututu yaro ya hau ya yi tsalle. Wannan notin shi ke riƙe matsin boris, akwai ma'aunin da kamfani ya sa masa, ba ƙarfin ƙafar yaro ba.

Abin da ya fi ci mini rai tsofaffin ne. Na ajiye su a but, mai kwamfutar ya buɗe ɗaya ya duba. Giris bai ƙone ba, hanyar ƙwallaye sumul, babu tsatsa duk da ruwan da suka sha. Irin waɗannan a rufe suke zuwa, ba a ƙara musu giris, kuma ba kamar man inji ba ne da za a ce in an kai kaza a canza. Yawanci sai sun yi ta kuka suna sanar da kai kafin su ba da matsala. Garin neman gira aka taɓa ido.

Ban ce kada mai tsohuwar mota ya canza boris kafin ya mutu ba. In nokul yana ƙasa, kayan na gaske ne, ga injin matsi a wurin, akwai hikima a ciki, musamman ga mai doguwar tafiya da iyali. Boljoyin ɗin da ya sa mini ma lafiya lau suke, wannan ba zan hana shi ba. Amma ƙafar gaba ta EOD ba zan sake kai masa ba, ko ta maƙiyina. Ya amince zai mayar da kuɗin aikin hagu kawai, na dama ya ce ramukan hanya ne. Shi ma na hagun, duk sanda na kira sai yaron ya ɗauka ya ce Oga ya fita gwajin mota.