Sharhi: Ƙaramar bilanda mai caji da haɗin kindirmo a zafin Abuja

Ƙaramar bilandar nan mai caji, mai siffar gorar ruwa, da ake ta talla a kasuwa da Facebook, ina amfani da ita tun gab da azumin 2025, kuma ga abin da na gani. Ga mutum ɗaya tana biyan buƙata ƙwarai. Gida mai jama'a kuwa ba ta ishe shi ba. Sannan duk daɗin abin da za ta haɗa, rabinsa da ɗoriya yana wuyan kindirmon da aka zuba mata.

Abin da ya kai ni sayenta zafi ne da rashin wuta. Ni 'yar Jos ce, can na tashi, garin da ke kan tudu wajen mita 1,200 daga teku, inda ko a bazara dare yakan yi sanyi. Zama ya kawo ni Kubwa, kuma har yau jikina bai saba da zafin Fabrairu zuwa Afrilu ba. A watan Maris rana takan kai digiri 37, wani lokaci ta wuce, ga shi azumin shekarar ya faɗo cikin Maris ɗin. Ina da babbar bilanda, amma lokacin da aka fi son abu mai sanyi, wato bayan la'asar, sau da yawa shi ne lokacin da babu wuta. To, na ga wannan da wayar cajin salula ake cajinta, kuɗinta kuma bai kai na fanka mai caji ba, sai na ce gani ya kori ji.

A kasuwar Wuse na saya. Ba zan kama sunan kamfani ba, domin iri-iri ne a shaguna, sunaye daban, ƙira kusan ɗaya. Kofin tawa bai kai rabin lita ba. Wuƙaƙenta shida ne ƙanana, suna manne da gindin da batiri yake ciki. Idan ba a ɗaura kofin ya zauna daidai ba, ba ta tashi ko an danna, kuma wannan ya kwantar mini da hankali saboda yara.

Kafin in shiga aikinta bari in tsaya a kan kindirmo, don nan ne mutane da yawa ke asarar kayan marmarinsu. Yogot ɗin roba mai zaƙi, wanda an riga an zuba masa sukari da ƙamshi, idan ya haɗu da mangwaro zaƙin yakan yi yawa har ya gundura, kuma bayan an sha ƙishirwa ta dawo. Wanda ya dace shi ne marar sukari, mai ɗan tsami, mai kauri. Akwai wata baiwar Allah Bafulatana da ke zagayowa unguwarmu, idan na samu nata na fi so, don ƙamshin man shanunsa daban ne. Nakan tambaye ta, “Adda, na yau ne?” Ita kuma ba ta ɓoye mini, in na jiya ne sai ta ce na jiya ne, ya fi kyau da fura. Ranar da ba ta zo ba nakan kwana da nawa. Kofi ɗaya na madarar gari mai maiƙo, kofi uku na ruwan da aka tafasa, a dama har gudaji su mutu, a bari ya huce zuwa ɗumin da yatsa zai iya jurewa ba tare da ƙuna ba. Sai a zuba iri, wato kindirmon da ya riga ya yi, kamar cokali biyu, a juya sau ɗaya, a rufe cikin kula mai riƙe ɗumi, kada a sake taɓawa. Ƙwayoyin halittar da ke cikin irin su ne ke cin sukarin madara su mayar da shi tsami, tsamin kuma shi ke sa madarar ta kama jikinta. Ruwan ya yi zafi da yawa, ya kashe su. Ya yi sanyi, su yi nawa. A zafin Abuja awa shida zuwa takwas ya isa, in aka bar shi fiye da haka tsamin ya fara cizo. A Jos kuwa, musamman da hunturu, sai mun naɗe kular da bargo kafin ya kama. Wanda zai yi da madarar shanu ɗanya, don Allah ya tafasa ta tukuna, akwai cututtukan da ake ɗauka daga madarar da ba ta ga wuta ba.

Da wannan kindirmon na gwada bilandar, kuma mangwaro ne ya fi fitar da ita kunya. Daga Maris zuwa Mayu mangwaron Binuwai yana cika kasuwar kayan marmari ta Zuba da ta lemu ta Mararaba, har bakin titi. Irin su Julie da Peter masu nama, marasa yawan zare, su nake nema. Rabin kofin kindirmo, rabin mangwaro yankakke ƙanana, ɗan ruwan sanyi, cikin abin da bai kai minti ba ya zama sumul, launinsa kaɗai ya isa ya ja ran mutum. Ba na sa sukari ko kaɗan. Mangwaro mai zare kuwa ba ta iya masa, zaren yakan nannaɗe wuƙaƙen ta tsaya, sai dai a matse shi da hannu a tace a rariya kafin a zuba.

Ayaba ba ta ba ta wahala, kuma ita ce ke ƙara kauri da riƙe ciki, shi ya sa na fi yin ta da sahur tare da dabino. Dabinon dole a cire ƙwallo a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi ya yi laushi, in ba haka ba sai a tarar da guntayensa a ƙasan kofi. Kankana tana niƙuwa nan take, sai dai kusan duk jikinta ruwa ne, tana tsinka kindirmo, kuma in ya ɗan jima sai ruwan ya ware daga nonon. Ita kaɗai da ɗan lemon tsami ta fi mini daɗi.

Abarba da gwanda suna buƙatar a yi hankali da su, kuma ban ji masu tallar bilandar suna faɗa ba. Dukansu biyu, in ɗanyu ne ba a dafa ba, suna ɗauke da wani sinadari da ke narkar da furotin, shi ya sa wasu ke tausasa nama da su. Idan suka zauna cikin nono suna yi masa irin wannan aikin, sai ya tsinke ya fara ɗaci. In za a sha nan take ba laifi. In kuwa za a ajiye ne zuwa buɗa-baki, gara a ɗan tafasa abarbar ta huce, zafi yana kashe ƙarfin sinadarin.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na sitiroberi. Mutane da yawa a Abuja sun ɗauka daga waje ake shigo da shi, alhali a Filato ake noma shi, musamman ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom a Jos ta Kudu, sanyin wurin ne ke karɓarsa. Lokacinsa na rani ne, yana ja baya idan damina ta matso. Ƙanwata takan aiko mini ta mota, kuma da yake abu ne mai saurin lalacewa, da ya iso nake wankewa, in cire ganyen, in jefa firiza. Tsaminsa da na kindirmo suna haɗuwa, don haka yana son cokali ɗaya na zuma ko rabin ayaba. Zumar dai ban da jaririn da bai cika shekara ba. Manoman nan suna shan wahalar kai shi kasuwa kafin ya ruɓe, ina ganin duk mai hali a Abuja ya kamata ya riƙa neman nasu.

Yanzu sai inda ta gaza. Ƙanƙara ba aikinta ba ce, ko da an zana hoton ƙanƙara a kwalinta. Da ta ci karo da dunƙule mai tauri sai ta tsaya, fitilarta ta hau ƙyaftawa. Hanyar da ta yi mini aiki ita ce in sanyaya komai tun da wuri: kindirmo a firji, kayan marmari a yanka ƙanana a sa a firiza, a fito da su su ɗan saki kafin a niƙa. Da haka sanyin ya samu, kuma abin bai tsinke ba kamar yadda yake yi in ƙanƙara ta narke a ciki. Ruwa-ruwa ake fara zubawa, masu ƙarfi daga baya. Sannan a kifa ta a kunna, wuƙaƙen su ɗauki gudu, sai a juyo ta a hankali ana ɗan girgizawa. Wannan dabarar kaɗai ta rage mini tsayawarta sosai.

Na biyu ƙanƙantar kofin. Ranar da baƙi suka zo shan ruwa na ga iyakarta, don kowane kofi zagayensa daban, kuma tun ban gama da kowa ba ƙarfinta ya fara raguwa. Goggona tana zaune tana kallo, ta ce, “Ke 'yar nan, miƙo mini ƙwarya da maburgi.” Ta murje ayaba da ludayi, ta burge kindirmon, kafin a kira salla kowa ya samu. Na ce, “Goggo, ai kin fi injin sauri.” Ta ce injin na mutum ɗaya ne, ƙwarya ta gida ce. Gaskiyarta, kuma duk mai iyali ya riƙe wannan kafin ya fitar da kuɗinsa.

Na uku batiri. Da tana sabuwa caji ɗaya yakan kai ni kwanaki, bayan watanni sai ya zama tana neman caji akai-akai. Zafi yana cin irin wannan batirin, don haka ba na barin ta a mota ko bakin taga, kuma ba na kunna ta tana jone.

Wanki ma yana son kula. Gindin ba ya shiga ruwa. Da an gama a zuba ruwa da ɗigon sabulu a kunna, a ɗauraye, sannan a ciro robar da ke zagaye da wuƙaƙen a wanke ta daban, domin nan nono ke maƙalewa, kuma a zafin nan yini ɗaya ya isa ya fara wari. Shi kansa haɗin bai kamata ya wuce awa ɗaya a waje ba idan rana ta take. In ofis zan tafi da shi, filas mai riƙe sanyi nake juyewa.

Wani amfani da ban saye ta dominsa ba shi ne dama fura. In aka marmasa furar da hannu, aka zuba isasshen nono, tana fitowa da laushi fiye da na ludayi, ko da yake masu son jin gudajin fura a baki ba za su so hakan ba.

Ɗalibi, ma'aikaci mai zaman kansa, mai jego da ke son kofi ɗaya da rana, ko wanda unguwarsu wuta ba ta zama, ina ba su shawarar su saya, ni ma in wannan ta mutu zan sake. Sai dai araha ba ta ado, kada a ɗauki mafi sauƙin kuɗi a rufe ido. A sa mai shago ya zuba ruwa ya kunna a gabanku, a kifa ta a ga ko tana yoyo, a duba ko ramin cajin yana da murfin roba, a kuma tabbatar robar cikin tana ciruwa don wanki.