Tsohon faifan Beatles ko sabon akwatin 2019?

Ƙanena, tsakanin tsintar tsofaffin ƙananan faya-fayan Beatles, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, masu juyi 45 a minti, ɗaya bayan ɗaya da sayen akwatin nan da aka sake bugawa a 2019, ka bi tsofaffin. Dukansu biyu suna ɗakina, kuma na san wanda hannuna yake kaiwa gare shi idan dare ya yi.

Na farkon da na mallaka gadonsa na yi daga kawuna, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi karatu a Ingila ya dawo da su cikin adaka. "She Loves You" ce, ta watan Agustan 1963, tambarin kamfanin faifai na Parlophone baƙi da rubutu ruwan azurfa. Jakarta ta takarda ce kawai, ta yi laushi kamar tsohuwar takardar kuɗi, kuma a kusurwa akwai sa hannunsa da biro, don a ɗakin kwanan ɗalibai aron faifai ba ya dawowa. Idan na ɗora allura, akwai ɗan ƙas-ƙas na daƙiƙa biyu kafin ganga ta faɗo. Wallahi a cikin daƙiƙa biyun nan nake ganinsa zaune kan tabarma bayan la'asar, yana goge faifan da gefen hularsa, yana ce min kada in kuskura in taɓa tsakiyarsa da yatsa. Sautin ta kafa ɗaya yake fita, mai kauri, ya cika ɗaki. Haka aka haɗa shi tun asali, don ƙananan garmaho na wancan zamani.

Kuma ba su da tsadar da mutane suke zato. Wannan faifan an sayar da fiye da miliyan ɗaya a Ingila kaɗai, saboda haka yana nan birjik. Ƙungiyar ta fitar da guda 22 a can, daga 1962 zuwa 1970. Daga "Hey Jude" a 1968 tambarin ya koma hoton tuffa, kore a fuska ɗaya, yankakkiya a ɗayar. Ni shekara da shekaru ina tarawa, saura min huɗu, kuma kowanne na san ranar da ya shigo hannuna da wanda ya kawo min shi.

Akwatin kuwa, to, guda 23 ne, masu nauyi, babu ƙarce, an sa musu jakunkuna masu hoto na ƙasashe daban-daban. Sau biyu na buɗe shi. Kuɗin da na zuba aka aiko min da shi, da tsofaffi na saya da su da yanzu na kammala.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwar intanet. An sake buga waɗannan faya-fayan a 1976, aka kuma sakewa daga 1982, kuma akwai marasa tsoron Allah da suke sayar da su da sunan bugun farko. Inda aka fi cutar mutane shi ne "Love Me Do" ta Oktoban 1962, mai jan tambari, domin ita ce mai kuɗi. Bugun 1982 shi ma jan tambari gare shi. Ka sa mai sayarwa ya kunna maka ta bidiyo. A bugun farko Ringo, makaɗin ƙungiyar, shi ne yake kan ganga kuma babu kacau-kacau. Idan ka ji kacau-kacau na bin kiɗan, ɗaukar da Andy White, wani makaɗin haya, ya buga ganga ce, ba bugun farko ba ne. Sannan bugun Ingila na wancan lokaci jaka mara hoto yake zuwa da ita, in ban da na farkon 1967 da na ƙarshe a 1970. Wani ya taɓa turo min hoton jaka mai fuskokinsu huɗu yana rantsuwa bugun Ingila ne na 1963. Da na nemi hoton tambarin kusa-kusa, fuska biyu, sai ya daina amsa waya. Kada ka biya sai ka ga faifan a ƙarƙashin haske an karkata shi, don nan ƙarce yake fitowa.

Idan sun iso, ka jera su a tsaye, ba a kwance ba, nesa da taga da zafin kwano. Na taɓa rasa ɗaya da ya wuni a mota cikin watan Afrilu a Kano, ya lanƙwashe, har yau abin yana min ciwo. Lokacin hunturu kuma ka goge ƙura da kyalle mai laushi kafin allura ta hau.

Ka fara da "She Loves You". Ka nemi mai baƙin tambari, ko da jakar ta ɗan yage.