Wace Manhaja Ce Ta Fi Dacewa Da Tsinto Girgizar Ƙasa A Cikin Bayanai?

Duk manhajojin da zan ambata, masu tsinto girgiza a cikin bayanan na'urar auna motsin ƙasa, kyauta ne. Kuɗinka zai tafi ne kan kwamfuta, wutar lantarki da lokaci. Kafin ka zaɓa, duba ko yankinka yana da tsohon kundin girgizar da aka riga aka tantance, domin zaɓin a kansa ya rataya.

Mafi sauƙi ita ce STA/LTA, dabarar da ake amfani da ita tun shekarun 1970, tana kuma cikin ObsPy, wani tarin manhajojin nazarin girgizar ƙasa. Tana gwada ƙarfin motsin ƙasa na daƙiƙa ɗaya ko biyu da na rabin mintin da ya gabata, in ya yi tsalle sai ta ce an samu. Ko tsohuwar laftof za ta ɗauke ta. Sai dai tirela in ta wuce kusa da na'urar, ita ma girgiza ce a wurinta.

Idan kana da kundi mai kauri, ɗauki hanyar gwadawa da samfuri, kamar EQcorrscan. Ana ɗaukar zanen girgizar da aka sani, a bi bayanan shekaru ana neman mai kama da shi. Da irin wannan hanya masu binciken jami'ar Caltech ta Amurka suka fitar da girgiza miliyan 1.8 a kudancin Kaliforniya tsakanin 2008 da 2017, kusan ninki goma na abin da aka sani a da. Aikin ya ci katunan GPU (masu saurin lissafi a kwamfuta) wajen 200, kuma abin da bai yi kama da samfuri ba, hanyar ba ta ganinsa.

FAST ta Jami'ar Stanford, wadda ta fito a 2015, ba ta buƙatar samfuri, amma saita ta sai mai haƙuri.

Ni dai ga ɗalibin da ke nazarin motsin ƙasa irin na Kwoi da ke Jihar Kaduna a 2016 ko na Mpape da ke Abuja a 2018, inda tashoshin auna motsin ƙasa 'yan kaɗan ne kuma kundi bai taka kara ya karya ba, PhaseNet zan ce ya fara da ita. An riga an horar da ita, ana sauke ta ta SeisBench, wani rumbun irin waɗannan manhajoji, tana nuna isowar igiyar P (wadda ke fara isowa) da ta S (mai biyo bayanta) kai tsaye. Amma fa da girgizar arewacin Kaliforniya aka koya mata aiki, ba ta san nakiyar masu fasa dutse a Mpape ba. Duk abin da ta tsinto, duba ranar da lokacin. In ka ga sun taru da rana tsaka a ranakun aiki, buɗe zanen ka bi shi da idonka kafin ka sa shi a kundi.