Nadama da da-na-sani: ina suka rabu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko nadama da da-na-sani abu ɗaya ne, kuma daga ina kowacce ta fito. A baki muna musanya su, amma ni ban ɗauke su ɗaya ba.

Da-na-sani tamu ce ta gado. Magana ce aka dunƙule ta koma suna: "da na sani, da ban yi ba." Shi ya sa ake cewa ƙeya ce, a baya take. Kukanta rashin sani ne. Manomin da ya sayar da masararsa da kaka, farashi ya hau da bazara, zai yi da-na-sani har ya ciji yatsa, alhali bai cuci kowa ba. Ɓarawon da aka kama ma yana yin ta, don bai san akwai mai gadi ba.

Nadama daga Larabci muka aro ta, tushenta haruffa uku: nun, dal, mim. Ta bakin malamai ta shigo mana, ta zo da nauyin wa'azi. A Suratul Ma'ida, aya ta 31, ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa ya ga hankaka yana tona ƙasa, sai aka ce ya wayi gari cikin masu nadama. A Hujurat, aya ta 6, an umarce mu mu bincika labarin fasiƙi, kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu koma muna nadama. Duk wuraren biyu akwai wanda aka zalunta. Sannan ga hadisin Ibn Mas'ud da Ibn Majah ya ruwaito: "Nadama tuba ce." Tuban ma aro ce, asalin ma'anarta komawa.

To a nan suka rabu a kunnena. Mai da-na-sani asararsa yake kallo. Mai nadama fuskar wanda ya ɓata wa ce ke hana shi barci, ko da babu wanda ya gan shi. Idan yaro ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya ya dawo yana cewa "na yi da-na-sani", sai in ji da saura, domin tun farko ya san ba daidai ba ne. Abin da nake so in ji shi ne "Inna, na yi nadama, ki yafe mini."

Kada ka haɗa su da laifi, wannan sunan aikin ne, ba abin da zuciya ke ji ba. Shi ma daga Larabci yake, "al-aib", lam ɗin ta manne masa kamar yadda ta yi a labari, liman da lahira. Aibu ma daga nan ya fito, sai dai shi ya shigo ba lam.